Bakin da Allah Ya Tsaga da Gatarin Ɗan Adam

A ƙasar Daudawa, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, ba a rasa tumfafiya. Tana bakin hanya, tana gefen kududdufi, tana cikin saurar da ƙasarta ta gaji, ganyenta fato-fato mai toka-toka, ba mai shuka ta, ba mai yi mata ban ruwa. Dabbobi sukan kauce wa ɗanyen ganyenta sai in yunwa ta matsa, domin farin ruwan da ke tsattsafowa idan an karya ta yana ɗauke da dafi mai taɓa bugun zuciya, in kuwa ya faɗa ido sai an yi da gaske. Duk da haka, wanda ya juya ganyen a ƙarshen damina ya duba bayansa, sau da yawa zai tarar da wata tsutsa mai ratsin fari da baƙi da rawaya tana cin abinta hankali kwance.

Tsutsar nan da dabararta take zuwa duniya. Tun tana 'yar mitsitsiya takan fara gatsa da'ira a jikin ganyen, ta bar farin ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke tsakiya. Dafin da ya saura ba ya kashe ta, ajiye shi take yi a jikinta. Bayan kamar mako biyu sai ta rataye kanta a wani reshe, ta zama ɗan kwanso mai ɗigon zinariya. In an ƙara mako guda ko fiye da haka kaɗan sai kwanson ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito: fikafikai ruwan goro, bakinsu baƙi da ɗigon fari, na baya kuma farare, kamar yadda irin na Afirka ta Yamma yake. Masana suna kiran sa Danaus chrysippus. A hankali yake tashi, ba ya gudun kowa, domin tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗacin ɗaya ba ya marmarin na biyu. Har akwai wani iri daban, marar dafi, wanda macensa ta ɗauko kamannin wannan sak, tana cin albarkacin tsoron da tsuntsaye ke yi masa.

Abincin wani gubar wani. Sai dai akwai sharaɗi a cikin wannan baiwa: tsutsar ba ta cin komai sai tumfafiya da danginta. A ɗora ta a kan ganyen dawa ko na wake, za ta mutu da yunwa tana zaune a kan kore shar.

Haka abin yake ga yawancin 'yan uwanta. Fararen nan da masu ruwan ƙwai da ke yin dandazo a bakin taɓo da damina, a kan tafasa da rai-ɗore suke saka ƙwai, tafasar nan dai da mata ke tsinka a yi kwaɗo. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya da ke kewaya tsakar gida, lemun tsamin gidan yake nema, tsutsarsa kuwa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, don kada a kula da ita. Akwai farare masu jijiyar baƙi da ba su da gida sai anza da bagayi da danginsu. Macen kowane iri da ƙafafunta take ɗanɗano. Takan sauka a kan ganye ta ƙwanƙwasa shi da ƙafafun gaba, ta ji ko shi ne, in ba shi ba ne ta tashi ta ci gaba da nema. Ita kanta ba za ta ci ganyen ba, ba ta ma da bakin tauna, sai dogon baki mai naɗewa na zuƙar ruwa. 'Ya'yan da ba za ta rayu ta gani sun girma ba take zaɓar wa abinci, kuma ba wanda ya koya mata.

Can cikin daji, inda doka da kawo da maje ke yin inuwa, akwai wasu ƙarfafa masu kaurin ƙirji da ake kira Charaxes, waɗanda tashinsu ya yi kusa da na tsuntsu. Su ba su damu da fure ba. Abincinsu 'ya'yan itacen da suka faɗi suka ruɓe ne, da ruwan da ke tsatsa daga jikin itacen da ya ji rauni, da kashin namun daji. Tsutsotsin wasu daga cikinsu ganyen kawo suke ci. Mazan iri da yawa kuma sukan sauka a jiƙaƙƙen yashi ko inda shanu suka yi fitsari su sha gishirin da ke wurin, daga baya su miƙa shi ga mata a lokacin barbara, ya shiga cikin ƙwai.

In aka nausa kudu, zuwa manyan kurmin Kuros Riba inda ruwan sama ke wuce milimita 2,500 a shekara, sai a iske wata duniya. Torben Larsen, masani ɗan ƙasar Denmak, ya fitar da babban littafinsa a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma a 2005, ya lissafa iri kusan 1,500, kuma ya ƙiyasta cewa kurmin tuddan Oban kaɗai yana da kusan 1,000. A irin wannan kurmi ne sarkinsu yake, Papilio antimachus, wanda ya fi kowane girma a Afirka: faɗin fikafikan namijinsa yakan kai santimita 23. Mazauninsa ya taso daga Gini da Saliyo, ya ratsa kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango har zuwa Yuganda. Wani Baturen Ingila, Dru Drury, ya bayyana shi a rubuce a 1782 daga wanda aka kamo a Saliyo. Namijin yakan sauko bakin rafi shan gishiri, macen kuwa can ƙololuwar itatuwa take zama, da wuya a gan ta. Sama da shekara 200 masana suna farautar tsutsarsa da ganyen da take ci. Jikinsa yana da dafi, shi ya sa wasunsu ke zaton abincinta wata kurangar kurmi ce, dangin kwankwanin da maharban ƙasar Hausa ke dafa dafin kibiya da shi. Allah Yana ciyar da wannan halitta a saman itace ƙarni bayan ƙarni, ba tare da ɗan Adam ya san abin da ke cikin kwanon ba.

Ba za a ga wannan sarki a Daudawa ba. Ruwan ƙasar Faskari kusan milimita 1,000 ne a shekara, yana sauka cikin wata biyar zuwa shida, sauran watanni hunturu ne da bazara. Amma ƙananan kurmi na bakin rafi, inda ɗinya da kanya da ɓaure da maɗaci ke riƙe ganye har cikin rani, su ne ke jawo wasu 'yan kurmi arewa, su ba su inuwa da raɓa da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Kurmin Kagoro a kudancin Kaduna sananne ne da halittun da asalinsu na kudu ne. Duk inda aka sare irin wannan kurmi, iyakar mazaunin waɗannan halittu ta ja da baya.

Akwai kuma waɗanda aka buɗe wa duniya. Wani ɗan ƙarami mai suna Vanessa cardui, wanda nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, yakan baro Turai da kaka, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya sauka a ƙasashen Sahel da dajin da ke kudu da su daidai lokacin da damina ta bar ganye. A nan yake hayayyafa, jikokinsa su juya arewa. Zagayen yakan kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, ba kuwa guda ɗaya ke gama shi ba, zuriya ce ke miƙa wa zuriya. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci wasunsu a gajiye a gaɓar tekun Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka. Binciken da aka buga a 2024 ya nuna cewa daga Afirka ta Yamma suka tashi, suka yi aƙalla kilomita 4,200 a kan teku. Tsutsar wannan iri tana cin tsirrai ɗaruruwa. Wani an ɗaure arzikinsa a itace guda, wani an baza masa nasa a nahiya uku.

A nan ne tambayar take. Duk Bahaushe ya san cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Aya ta 6 ta Suratu Hud ta tabbatar da cewa arzikin kowace halitta mai motsi a doron ƙasa yana wuyan Mahaliccinta, kuma a cikin ayar nan guda aka haɗa arziki da mazauni, aka ce Ya san inda take zama da inda ake ajiye ta. To, in haka ne, mai gatari ko mai injin yankan itace yana iya cewa: «Malam, ni na isa in hana wata halitta abinci? Wanda Ya yi ta Shi ke ciyar da ita. In na sare kawon nan, Zai ba ta wani.» Magana ce da ake ji a bakin masu gawayi da masu sharar sabuwar gona, kuma da yawa da zuciya ɗaya suke faɗin ta. Shin lamunin da Allah Ya ɗauka ya wanke hannun wanda ya rushe mazaunin wata halitta?

Malam-buɗe-littafi da kansa ya ba da rabin amsar. Allah Ya lamunce masa abinci, amma ba daga sama Yake jefo masa ba. Ya ɗaura abincin ga sababi: ganye kaza, a wuri kaza, a lokaci kaza. Abin ya yi kama da gidan da ake rabon tuwo, kowa da akushinsa. Wanda ya fasa akushin wani ba zai tsira da cewa ai tuwon na maigida ne ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar a kan tawakkali ya kafa misali da tsuntsaye ne, masu fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Malamai sun daɗe suna jan hankali cewa tsuntsayen fita suke yi, ba a sheƙa suke kwanciya ba. Ana iya ƙara wani abu: suna fita ne saboda akwai inda za su je.

Sauran rabin amsar yana cikin labarin matar nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, wadda ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba yanka ta ta yi ba, ba dukan ta ta yi ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Arzikin kyanwar yana wuyan Allah kamar na kowa, ajalinta kuma rubutacce ne, amma duk wannan bai zama hujja ga matar ba. Laifinta shi ne shiga tsakanin halitta da hanyar abincinta. Kuma lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, da kiwo ya ba da amsa: makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma zaɓin nasa ne. Ƙaddara tana tattare da gatarin da itacen da tsutsar baki ɗaya, hisabi kuwa a kan mai riƙe da ƙotar yake.

Wani lokaci ma ba a san an fasa akushin ba sai bayan mai shi ya mutu. A Ingila akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi da aka tabbatar da ƙarewarsa a ƙasar a 1979. An daɗe ana zargin masu kama shi don ado, har aka riƙa katange wuraren da yake, amma ya ci gaba da raguwa. Wani masani, Jeremy Thomas, shi ya gano sirrin. Tsutsarsa takan ci furen wani ɗan tsiro na 'yan makonni, sannan ta faɗo ƙasa, wata jar tururuwa ta ɗauke ta ta kai raminta, a can ta yi watanni tana cin 'ya'yan tururuwar. Ita kuwa tururuwar iri guda ce, ba ta zama sai a ƙasa mai ɗumi inda ciyawa gajera ce. Da aka rage kiwo a tuddan, cuta kuma ta kashe zomaye, sai ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi sanyi, tururuwa ta ɓace, shi ma ya bi ta. Katangar da aka yi don kare shi ta hana dabbobi shiga, ta ƙara dagula lamarin. Sai da aka mayar da kiwo, aka ɗauko irinsa daga Suwidin a shekarun 1980, sannan ya sake zama. Ciyawar da ta ƙaru da 'yan santimita ta isa ta kawar da al'umma guda.

Manomin Daudawa yana da tasa hujjar, kuma mai ƙarfi ce. Garin ya yi suna da kaɗa tun shekarun 1920, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar yaɗa irin auduga a can, ana rarraba irin zuwa sauran ƙasar Arewa, ana kai amfanin injin gurza na Funtuwa. Tun wancan zamani babban abokin gābar manomi shi ne tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta cinye cikinsa. Ita 'yar faɗa-wuta ce, dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare. Saboda ita aka kafa dokar tuge karan auduga a ƙone bayan an gama tsinka, don a yanke mata zuriya kafin wata damina. A 2016 tsutsar masara ta shigo Najeriya daga nahiyar Amurka, a shekarar ce kuma wadda manoma ke kira sharon ta kassara tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. A 2018 aka amince da sakin irin audugar da ke kashe tsutsar da ta ci ta, wanda aka gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Mutumin da ya ci bashin taki, ya sayar da akuya ya biya 'yan ƙwadago, sannan ya ga tsutsa tana cinye masa shekara, ba wanda zai ce masa ya naɗe hannu.

Shari'a ma ba ta ce haka ba. Ƙa'idar malaman fiƙihu ce cewa ana gusar da cuta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta kashe wasu halittu masu cutarwa ko da a cikin Harami. Amma ƙa'idar tana da 'yar uwa: lalura da gwargwadonta ake auna ta. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ta ciza, ya sa aka ƙone gidan tururuwar duka, sai Allah Ya yi masa wahayi na zargi, domin saboda cizon guda ya halaka al'umma mai tasbihi. Ma'aunin ke nan. Feshin da aka yi wa auduga a lokacin da tsutsa ta bayyana, da maganin da ya dace, da adadin da aka rubuta, kariyar dukiya ce. Amma yanzu maganin ciyawa ya zama ruwan dare, ana bin iyakar gona da shi, da bakin hanya, da gefen rafi, da burtali, inda tafasa da rai-ɗore da tumfafiya ke tsaye ba su ci wa kowa hatsi ba. Wani ya wanke tankin feshinsa a cikin rafi. Da rani kuma a cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, ƙwai da kwanson da ke jiran damina su ƙone tare da ciyawar da shanu za su ci. Amurka ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya: wani babban bincike da aka buga a 2025 ya nuna cewa yawan malam-buɗe-littafi a ƙasar ya ragu da kashi 22 cikin 100 tsakanin 2000 da 2020.

Sai maganar dajin kansa, wadda ta fi kowace zafi a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Daga cikin daji ake fitowa a kashe mutane, a kora shanu, a kwashi mata da yara. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. A cikin watan nan ne kuma gwamnatin tarayya ta sanar da cewa dajin Kogo na Jihar Katsina yana cikin dazuzzuka goma da za a mayar gandun ƙasa. Wanda aka kashe wa ɗa, ko ya sayar da gona ya biya fansa, in ya ce a share dajin kowa ya huta, ba a yi masa gardama da zancen ƙwari. Ran mutum guda ya fi duk abin da ke tashi a dajin Kogo, wannan ba abin jayayya ba ne. Abin dubawa shi ne ko doka da kawo ne suka ɗauki bindiga. Dajin nan yana nan shekaru aru-aru, makiyaya na kiwo, maharba na farauta, mata na tsintar kaɗanya da ɗorawa, masu magani na ɗibar sassaƙe, ba a san shi da wannan bala'i ba. Abin da ya canza shi ne rashin hukuma a ciki, da makamai, da zalunci da talauci. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan da ya tura Sham, wadda a ciki ya hana sare itace mai 'ya'ya da kashe dabba ba don ci ba, alhali yaƙi za a tafi. Malamai sun yarda a sare abin da maƙiyi ke fakewa da shi idan babu makawa, amma iyakar abin da yaƙin ya buƙata.

Gaskiyar magana ma, yawancin itacen da ke faɗuwa a Arewa ba don tsaro yake faɗuwa ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2010 Najeriya tana asarar daji kusan hekta 400,000 duk shekara. Ƙirya da marke suna tafiya gawayi, kawo da maɗaci suna tafiya katako. Madobiya kuwa an yi mata wawa saboda kasuwar Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya a farkon 2017. Nauyin ba ɗaya ba ne a kan kowa. Matar da ta sassaro busasshen reshe ta dafa wa 'ya'yanta tuwo tana cikin lalura. Attajirin da ke loda tirela, da jami'in da aka ba amanar gandu ya kau da kai, su ne ya kamata su fi jin tsoron aya ta 41 ta Suratur Rum, wadda ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata.

Wani zai tambaya, mene ne ma amfanin wannan ɗan ƙwaro? Yana da shi. Yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, ko da yake ƙudan zuma ya fi shi wannan aiki nesa ba kusa ba. Tsutsotsinsa su ne abincin 'ya'yan tsuntsaye da yawa, tsuntsayen da ke rage wa manomi fara da sauran ƙwari. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga gidan tsutsar wani faɗa-wuta ake samun sa, wadda ke cin ganyen tsamiya da doka. Masana kuma suna auna lafiyar daji da shi, domin yana cikin na farkon ɓacewa idan wuri ya fara lalacewa. Amma Musulmi bai tsaya a nan ba. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira dabbobin ƙasa da masu tashi da fikafikai al'ummomi irin na mutane, aya ta 44 ta Suratul Isra'i kuma ta sanar cewa kowane abu yana tasbihi ko da ɗan Adam bai fahimta ba. Halittar da ke da wannan matsayi ba ta jiran sai ta yi wa mutum amfani kafin ta cancanci zama. Mutum halifa ne a bayan ƙasa, halifa kuwa wakili ne, ana tambayar sa abin da aka ba shi tsaro, har wanda bai san amfaninsa ba.

Hukuncin da ya fito daga wannan duka a fili yake. Lamunin arziki na Allah ne, ba mai soke shi. Amma wanda ya toshe wa wata halitta hanyar da Allah Ya tsara mata, ba tare da cuta ta same shi daga gare ta ba, ba kuma don wata buƙata ta gaskiya ba, ya yi ɓarna, kuma ambaton ƙaddara ba ya wanke shi.

Maganin kuma ba baƙo ba ne. Annabi ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina ya zama makiyayar da ba a taɓawa, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Littattafan Malikiyya sun yi bayanin hurumin rijiya da na kogi da na gari, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da hanyoyin keɓe ta. Kakanni sun san hurumi da burtali da makiyaya, sun san ba a sare ɗorawa da kaɗanya a gona, sun kewaye gonakinsu da gamba da dashi da aduruku. Hadisi ingantacce ya yi albishir cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi.

Saboda haka kira yana kan limaman Daudawa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara su sa haƙƙin halittu cikin huɗubobinsu, musamman gab da shara da lokacin ƙunar daji. Hakimai da dagatai su farfaɗo da hurumin bakin rafi, su hana sara da feshi a cikinsa. Malaman gona su koya wa manoma duba gona kafin feshi da kiyaye adadin magani. Manomi ya tsayar da feshinsa a iyakar shukarsa, ya bar shinge da bakin hanya, in ya sare itace ɗaya ya dasa biyu. Gwamnatin Jihar Katsina da ta tarayya kuma su kai tsaro da ma'aikata dajin Kogo, su kori masu bindiga da ɓarayin katako, su bar wa jama'ar yankin itatuwansu a tsaye.